Mazubin da ba ya mutuwa bayan aiki ya ƙare

Duk mai rubuta ajiyayyun umarnai a rumbun bayanai ya san mazubi, wato sunan da ake ba wata ƙima don a riƙe ta na ɗan lokaci. Abin da ke kayar da ƙwararru ma shi ne sanin inda mazubin ke ganuwa da lokacin da yake mutuwa, domin kowane rumbu da tasa dokar.

A SQL Server na Microsoft, in ka ayyana mazubi a cikin sharaɗin IF, ko sharaɗin bai cika ba mazubin na nan daram har ƙarshen umarnin, sai dai babu komai cikinsa sai NULL. Wanda aka ayyana cikin madauki ba a ba shi ƙima ba, zagaye na biyu zai tarar da abin da na farko ya bari. Kalmar GO kuwa tana kashe su baki ɗaya, alhali rumbun bai ma san ta ba. Manhajar da kake rubutu a ciki ce ke ganin ta, ta yanka aikin gida-gida kafin ta tura.

A SQL Server ɗin dai, umarnin da ka kira daga cikin naka ba ya ganin mazubanka, amma yana ganin teburin wucin gadi mai alamar #. Kira cikin kira iyakarsa hawa 32.

MySQL ya samu ajiyayyun umarnai a siga ta 5.0, a 2005. A can, mazubi mai alamar @ yana rayuwa muddin haɗin bai yanke ba, ko umarnin ya daɗe da gamawa. Inda manhaja ke juya haɗi ɗaya tsakanin masu amfani ba tare da sharewa ba, ƙimar wani na iya faɗawa cikin lissafin wani, kamar kwanon da aka miƙa wa baƙo ba a wanke ba. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali, don ba ya nuna kuskure ko kaɗan.

A Oracle, mazubin da ke cikin fakiti, wato kunshin ajiyayyun umarnai, yana riƙe ƙimarsa har ƙarshen zama. In wani ya sake harhaɗa fakitin kana tsakiyar aiki, sai ka ci karo da kuskuren ORA-04068, abin da ka tara ya tafi.

Sai rikicin suna. A ce mazubinka id, ginshiƙin teburin ma id, ka rubuta DELETE da sharaɗin id = id. Oracle zai ɗauki duka biyun a matsayin ginshiƙi, MySQL ya ɗauke su mazubi. Hanya daban, ɓarna ɗaya: sharaɗin ya cika a kowane layi mai ƙima, teburi ya tashi wayam. PostgreSQL, tun siga ta 9.0 a 2010, tsayawa yake cak ya ce sunan na da harshen damo, a gyara. A ganina shi ya yi daidai. Gudun wannan rikicin suna ne ya sa masu Oracle kan manna v_ ko p_ a gaban sunan mazubi.