Bayan Usur: Abin da Hannun Alƙalin Ƙwallon Kwando Ke Faɗa

Mu ɗauka saura minti ɗaya a tashi daga wasan ƙwallon kwando tsakanin makarantarmu da maƙwabciyarta. 'Yan kallo suna ta ihu, sai muka ji usur. Alƙalin wasa ya nufi wajen tebur, ya tsaya, ya ɗaga hannuwa biyu. Na hagu yana nuna yatsu biyu. Idan na dama a buɗe yake da yatsu biyar, mai lamba 7 ne ya yi laifi. Idan kuwa a dunƙule yake, mai lamba 12 ne. Bambancin ke nan kawai, amma a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya wadda Najeriya ke bi, duk wanda ya yi laifi biyar ya fita daga wasan. Kuskure guda na iya zaunar da gwarzonmu a benci alhali ba shi ya aikata ba.

Shi ya sa aikin alƙali ba ya ƙarewa da busa usur. Masu zama a tebur, wato mai rubuta maki, mai kula da agogo da mai ƙirga daƙiƙa 24, ba sa iya jin muryarsa cikin hayaniya. Da ido suke karanta hukuncinsa.

Alamar farko tana zuwa tare da usur. Idan ya ɗaga hannu sama tafinsa a buɗe, an karya wata ƙa'ida ce kawai, kamar tafiya da ƙwallo ba a buga ta a ƙasa ba. Nan sai ya riƙa juya dunƙulallun hannuwansa a gaban ƙirji, sannan ya nuna ɓangaren da za a kai hari. Idan kuwa ya ɗaga hannu a dunƙule, laifi ne da za a rubuta wa wani ɗan wasa.

Daga nan sai kai rahoto, kuma yana da tsari. Alƙali zai je inda mai rubutu ke ganinsa sosai, ya tsaya cak, domin ba a ba da rahoto ana tafiya. Idan ƙwallon ta shiga kwando, ya fara nuna ko an ƙirga ta ko an soke. Sannan abubuwa uku a jere: lambar mai laifi, irin laifin, da hukunci.

Lamba 1 zuwa 5, hannun dama ke nunawa. Daga 6 zuwa 10, dama ya nuna biyar, hagu ya cike. Daga 11 zuwa 15, dunƙulen dama yana matsayin goma. Daga 16 zuwa sama, mataki biyu ne: mai lamba 24, sai a fara nuna yatsu biyu bayan hannu yana kallon tebur, sannan a juyo da tafin hannu a nuna huɗu. Shekaru da yawa FIBA ta taƙaita lambar riga daga 4 zuwa 15, don kada ta rikice da yatsu ɗaya, biyu da uku da ake nuna maki da su. A 2014 aka buɗe ƙofa har zuwa 99.

Irin laifi kuma yawanci kwaikwayonsa ake yi. Hannuwa biyu a ƙugu, an tare hanya ba bisa ƙa'ida ba. Kama wuyan hannu a ƙasa, an riƙe abokin karawa. Dunƙule ya daki tafin hannu, mai ƙwallo ya bangaje mai tsaro. Tafukan hannu biyu a siffar harafin T, laifin rashin ɗa'a ne, kamar yi wa alƙali tsawa. Amma mu lura: T ɗin da aka yi da yatsa manuniya, hutun da koci ya nema ne.

A ƙarshe sai hukunci. Ko dai ya ɗaga yatsu ya nuna yawan jifan kyauta, ɗaya, biyu ko uku, ko ya miƙa hannu ya nuna ƙungiyar da za ta jefo ƙwallo daga gefe. Mai kula da agogo kuma ya ɗaga ɗan allo mai nuna yawan laifin ɗan wasan. Allo na biyar ja ne. Lissafin ya shafi ƙungiya ma, domin bayan laifi huɗu a zango ɗaya na minti goma, laifin masu tsaro na gaba yana jawo jifa biyu.

Koyon wannan bai buƙatar kuɗi. Mu tsaya bibbiyu lokacin tara, ɗaya ya nuna, ɗaya ya rubuta, ba tare da magana ba, sannan mu duba ko mun dace. Mu saba da yin alama ɗaya bayan ɗaya, hannu a daidai fuska, ba gaggawa. Idan wasan gidaje na wannan zangon karatu ya zo, mu roƙi malamin wasanni ya ba mu kujera a tebur, mu gwada abin da muka koya.