Daga Jeren Ƙwarya zuwa Akwatin Gilashi: Me Ɗakin Amarya Yake Ajiyewa a Garwa?

A Garwa, kamar sauran garuruwan arewacin Kamaru, mace ba ta cewa ta ga biki sai ta shiga ɗakin amarya ta ga jere. Ɗaurin aure na maza ne, a yi fatiha, a raba goro da dabino, a watse. Hukuncin mata kuwa a ɗaki ake yanke shi, bayan gwaggwanni da ƙawayen uwar amarya sun gama kafa gado, sun goge kabad, sun jera kaya. A 'yan shekarun nan wani baƙo ya shigo cikin wannan jere: firam mai zurfi ko ƙaramin akwatin gilashi, an shirya a cikinsa damin furannin da amarya ta riƙe ranar walima, da katin gayyata, da guntun yadin anko, da sunayen ango da amarya da ranar aure cikin rubutu mai ruwan gwal. Abin bai game gari ba tukuna, ya fi yawa a gidajen ma'aikata da manyan 'yan kasuwa, amma duk abin da ya shiga ɗakin amarya guda, ƙawayenta goma sun gani.

Kafin a yi wa abin kallon bidi'a, ya kamata a tuna cewa ajiye kayan aure a inda ido zai gani tsohuwar al'ada ce a kwarin Binuwai. Matan Fulani sun daɗe suna jera ƙorai masu zane a kan katako ko cikin raga, waɗanda ba a tatsar nono da su, ba a dama fura a ciki, sai dai a sauko da su ranar taro ko ranar tashi. A wajen Mbororo wannan tarin yana da suna, kaakol, kuma shi ne shaidar cewa mace ta zama mai ɗaki. Littafin da T. J. H. Chappel ya buga a 1977 kan ƙoran arewa maso gabashin Najeriya ya nuna yadda zanen ƙwarya ya bunƙasa a ƙasar Adamawa, wadda iyakar Turawa ta raba biyu, Yola a can, Garwa a nan. Matan Hausawa da suka zauna a unguwar Hausare su ma sun zo da nasu: tasoshin tagulla, akushi, fayafai masu launi.

Sai jirgin ruwa ya kawo kwano. A wancan zamani tashar Garwa tana aiki ne 'yan watannin da kogi ya cika, kuma a wannan ɗan tsakanin kamfanonin Turawa suke sauke gishiri da yadi da kwanuka masu fenti, su ɗebi gyaɗa da auduga. Da farko daga Turai da Hong Kong kwanukan suke zuwa, daga baya a shekarun 1960 masu jari 'yan Hong Kong suka kafa masana'antu a Legas da Kano, langa da samira da fanteka suka yi araha, suka bi hanyar Yola da Mubi suka cika kasuwannin Garwa da Marwa da Gidar. Bango ya koma jeren kwano tun daga ƙasa har rufi. Bayan kwano aka yi yayin kabad mai gilashi da tangaran da kuloli 'yan Sin. Ke nan kowane zamani da abin da yake jerawa, kuma kowane sabon kaya sai da tsofaffi suka ce ya kashe na gabansa.

Amma akwai abu guda da ƙwarya da tasa da langa da tangaran suka yi tarayya a kai, wanda akwatin gilashin yau ba shi da shi. Duka ana iya sayar da su. Jere ado ne a ido, asusu ne a zahiri. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a yankin, abin da mace ta zo da shi daga gidansu nata ne. Idan yaro ya kwanta ciwo da tsakar damina, ko jarin ƙosai ya karye, sai ta kira dillaliya, a zare samira biyu daga bayan jere inda ido ba zai lura ba. Idan aure ya mutu ta kwashe kayanta ta tafi da su. Idan 'yarta ta isa aure, rabin jeren uwa ne yake komawa ɗakin 'ya. Barbara Cooper ta rubuta wannan dalla-dalla a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, Editha Platte kuma ta ga irinsa a ɗakunan matan Barebari a Borno, kuma duk wanda ya tashi a unguwar Fulɓere ko Yelwa ya san shi ba tare da ya buɗe littafi ba. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, wadda ta ajiye takardun kuɗi ta wayi gari da rabin ƙarfin sayen kayan waje, wadda ta ajiye kwano kuwa kayanta suka bi farashi suka hau.

Jere kuma littafin zumunci ne. Kowane saiti akwai wadda ta kawo shi gudummawa, uwar amarya tana riƙe da lissafin a kanta, ta san wa za ta rama wa da me idan nata bikin ya zo. Ɗakin yana cewa: ga yawan mutanen da suke bayan wannan yarinya. Miji da danginsa da kishiya duk sun iya karanta wannan saƙo.

To me ya jawo sabon yayin? Na farko dai waya ce. Amaren Garwa suna kallon bikin Kano da Abuja da Duwala da Dubai a Instagram da TikTok kafin su zaɓi ko da kalar lalle, kuma a can ne suka ga masu busar da furannin amarya da garin silika suna zuba musu rezin, wani ruwan roba mai daskarewa ya zama kamar gilashi. Na biyu, Kamaru tana da wata ƙofa da Kano ba ta da irinta. Dokar 1981 kan rajistar haihuwa da aure ta sa auren da hukuma ta sani shi ne wanda aka ɗaura a ofishin magajin gari, inda ake sa hannu a zaɓi mace ɗaya ko fiye. Ma'aikacin kamfanin SODECOTON ko malamin makaranta ko soja da yake son a san da iyalinsa a takardun fansho, dole ya bi ta nan ko da an riga an ɗaura a masallaci. Ranar zuwa ofishin ta zo da kayanta: farar riga, dami na fure, hoto a bakin ƙofa. Garwa kuma gari ne da Musulmi da Kirista suke maƙwabtaka, Fulani da Hausawa da Fali da Tupuri da Mundang da 'yan kudu da aiki ya kawo, ana gayyatar juna, ana ganin na juna. Ita kanta farar rigar a Turai ba daɗaɗɗiya ba ce can, ta samu karɓuwa ne bayan auren Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840.

Na uku shi ne ɗakin kansa ya sauya. Amaryar da aka kai gidan haya mai ciki da falo ba ta da bangon da zai ɗauki langa ɗari, kuma falon nata da mijinta ne tare, baƙinsa maza suna shiga. Na huɗu, kuma a ganina shi ne mafi zurfi, yarinyar da ta yi makaranta tana kallon aurenta a matsayin labarinta ita da mijinta, tana son abin da zai tuna mata ranar da kanta, da abin da ta riƙe da hannunta. Jeren kwano labarin dangi yake bayarwa. Wannan buƙata ba abin rainawa ba ce. Akwai ma wani dalili na addini da yake taimaka wa yayin: gidajen da ake ƙyamar rataya hoton mutum a bango sun sami mafita, domin fure da kati da rubutu ba su da fuska.

Yanayin Garwa ba ya sassauta wa wannan sana'a. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ɗanyen fure da aka kawo daga kudu ba ya kai yamma bai sunkuya ba, balle a ce za a jira a gama biki sannan a busar da shi. Shi ya sa mafi yawan abin da yake shiga akwatin fulawar roba ce ko ta yadi, wadda tun asali ba ta buƙatar a adana ta. Rezin mai araha yana komawa ruwan ɗorawa idan haske da zafi suka daɗe a kansa. Ƙurar hunturu tana shiga duk firam ɗin da ba a liƙe bakinsa da kyau ba, laimar Agusta kuma tana sa busasshen fure ya yi fumfuna. Wadda ta biya kuɗi mai yawa da zaton abin zai kai ga jikokinta tana iya ganin ya dushe kafin ta yaye ɗan fari, kuma masu sayarwa kaɗan ne suke faɗa mata haka.

Ta fuskar amfani, yayin ya buɗe wa matasa hanyar abinci. Kafinta yana haɗa firam, mai yankan gilashi yana samun aiki, mai buga kati da mai ɗaukar hoto suna ƙara ciniki, 'yan mata da suka gama makaranta ba su sami aikin gwamnati ba suna shirya akwatunan a gida su tallata a WhatsApp da jari kaɗan. A garin da aka buɗe wa jami'a a 2022, kuma ɗalibai suke ƙaruwa fiye da guraben aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kusan duk kayan haɗin daga waje suke, fure da gam da fitilun ado, ta Duwala ko ta Najeriya, don haka farashinsu yana rawa da darajar naira da halin da iyaka take ciki, kamar yadda aka gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Kuɗin da a da yake zuwa hannun mai zanen ƙwarya ko mai saƙar faifai a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi, yanzu mafi yawansa wucewa yake.

Inda abin ya fi damuna shi ne lissafin uwar amarya. Sabon adon bai rage ko cokali daga kayan ɗaki ba, ƙari ne a kan gado da kujeru da firji da gara, kuma daga adashi ɗaya ake fitar da kuɗin duka. Idan aljihu ya gaza, abin da ake yankewa sau da yawa shi ne wanda ba ya fitowa a hoto: ɗan kunnen gwal, keken ɗinki, tunkiyar da za a bar wa yarinya a ƙauye. Akwatin da aka rubuta sunan mutum biyu a kansa kuwa babu dillaliyar da za ta karɓa. Ba a jinginar da shi, ba a ba wa ƙanwa, ba a kai shi ɗakin 'ya. A yankin da mutuwar aure ba baƙon abu ba ce, ranar da aka rabu ya zama kayan da ba mai so, ita ba za ta shiga da shi gidan wani ba, shi ba zai bar shi a bango amarya ta tarar ba. Gasar da a da ake yi tsakanin kishiyoyi a kan yawan kwano tana da muni, amma aƙalla mai gasar tana tara abin da zai fisshe ta.

Ba na ganin hani zai yi aiki, kuma ba na ganin ya dace. Lamidai da malamai sun sha yin kira a rage tsadar aure, yayi kuma yana ci gaba da tafiyarsa. Abin da yake hannun iyaye mata shi ne tsarin fifiko: a fara da abin da yarinya za ta iya juyawa ya zama kuɗi, abin tunawa ya biyo baya gwargwadon abin da ya saura. Masu sana'ar kuma suna da damar da ba su taɓa sosai ba. Abubuwan da suka fi jure zafin Garwa su ne waɗanda aka yi a yankin: guntun leppi saƙar hannu, ƙaramar ƙwarya mai zanen wuta, faifan da aka rufe ƙwaryar nonon kamu da shi, mayafin da aka lulluɓe amarya ranar kai ta, tsinken turaren wuta, fatar Marwa a gefen firam a madadin roba. Waɗannan ba sa buƙatar silika ko rezin, suna da araha, kuma kuɗinsu a kasuwar gari yake tsayawa. Masaƙar CICAM ta shekara da shekaru tana saƙa yadi a Garwa da audugar yankin, don haka ko shimfiɗar cikin akwatin ba sai an jira kwantena daga Sin ba.