Baho Mai Ƙofa: Idan Mai Aiki Ya Yi Sakaci, Tsoho Ne a Ciki

A Amurka da Ingila akwai wani irin bahon wanka da ake tallata wa tsofaffi ba dare ba rana, a talabijin da shafukan mujallu. Ba kwance yake ba kamar wanda aka saba gani a otal. A tsaye yake, bangonsa ya kai wa mutum ƙugu, ga ƙofa a gefe, ga wurin zama a ciki daidai tsayin kujera. Tsoho ba sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake bango mai kusan santimita 40 ba. Ƙofa zai buɗe, ya haye ɗan tudun da bai taka kara ya karya ba, ya zauna, ya rufe, sannan ya murɗa famfo. Wasu har da injin da ke feso ruwa ta ƙananan huji yana yi wa baya da ƙafafu tausa.

Masu sayensa ba gayu ya kai su ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ƙiyasta cewa cikin kowane mutum huɗu da suka kai shekara 65, ɗaya kan faɗi a shekara. Wani rahoto da ta fitar a 2011 ya nuna cewa a 2008 kaɗai, kimanin mutum 234,000 aka kai sashen gaggawa saboda raunin da suka ji a banɗaki, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari faɗuwa ce sanadi. Tsohon da ƙashin kwatangwalonsa ya karye kuwa, da wuya ya koma yadda yake.

Sai dai akwai abin da mai talla ba ya tsayawa a kansa. Wannan baho ba a cika shi kafin a shiga, ba a kuma fita sai ruwan ya gama tsiyayewa. Yawancin ƙofofinsa ciki suke buɗewa, kuma nauyin ruwan ne ke danne ƙofar ta manne da robar bakinta. Ke nan tun daga lokacin da tsohuwa ta rufe ƙofa har ruwa ya sauka ƙasa da tudun nan, a kulle take. Duk wani kuskure da mai aikin famfo ko mai wayarin ya bari, a kan mutumin da ba shi da hanyar tserewa zai sauka.

Mu fara da magudana, domin ita aka fi rainawa. Bahon kan ci ruwa lita 200 ko fiye, wani ya doshi 300. Tsofaffin gidajen Amurka kuwa bututun bahonsu yawanci inci ɗaya da rabi ne, an yi shi ne don bahon da mutum zai fita ya bar ruwa ya tafi a lokacin da ya ga dama. Kamfani zai rubuta a takarda cewa bahonsa na zubar da ruwa cikin minti biyu, kuma ba lalle ƙarya ya yi ba, amma da bututu mai faɗi ya gwada. Idan mai aiki ya zo ya jona sabon baho da tsohon siririn bututu, wanda gashi da daskararren sabulu suka riga suka cinye rabin cikinsa, ko ya shimfiɗa bututun ba gangara, minti biyun nan sai ya koma goma ko sha biyar. A duk tsawon lokacin tsohuwa na zaune ba sutura, ruwa na ja baya daga kafaɗa zuwa ciki zuwa gwiwa, jiki jiƙe, sanyi na shigar ta. Jikin tsoho ba ya riƙe ɗumi kamar na yaro. Wannan idan lafiya lau take ke nan. To ina ga wadda jiri ya ɗebe ta, ko ƙirjinta ya riƙe, tana son fita yanzu-yanzu? Ruwan zafi na buɗe hanyoyin jini, bugun jinin ya sauka, kuma mai shan maganin hawan jini ya fi kowa saurin jin hajijiya idan ya miƙe.

A 2014, a birnin Las Vegas na jihar Nebada, wata mata da ke zaune ita kaɗai ta zame daga wurin zaman irin wannan baho ta faɗa ramin da ake sa ƙafa, jikinta ya tokare ƙofar mai buɗewa ciki. Kwanaki ta yi a haka kafin a gano ta, daga baya ta rasu a asibiti, maganar ta kai gaban kotu. Ba kowane laifi ne na mai kafawa ba, amma auna jikin mai gida a zaɓa masa bahon da ya dace da shi, da duba ko ƙofa mai buɗewa waje ta fi masa, duk cikin aikin ne.

Daga nan sai zafin ruwa. A bahon gama-gari mutum kan tsoma hannu ya ji kafin ya shiga. A nan kuwa yana zaune famfo ke kwararowa kusa da ƙafafunsa. Alƙaluman hukumar CPSC mai sa ido kan kayan masarufi a Amurka sun nuna cewa ruwa mai zafin digiri 60 a ma'aunin Selshiyos na iya yi wa babba ƙuna mai zurfi cikin daƙiƙa shida kacal, mai digiri 49 kuwa sai ya yi kamar minti biyar. Fatar tsoho ta fi haka laushi, mai ciwon suga kuma yakan rasa ji a ƙafa, sai ya ƙone bai sani ba. Maganin abin wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a bututu, tana gauraya ruwan zafi da na sanyi, ba ta barin ya wuce iyakar da aka saita mata. A Ingila tun 2010 doka ta ce ruwan bahon sabon gida kada ya wuce digiri 48. Ma'aikaci mai neman rage kuɗi sai ya ƙi sa ta, ko ya sa bai saita ba. Akwai ma wanda garin sauri ke juya bututu, hagu ya koma dama, tsoho ya murɗa na sanyi tafasasshe ya zubo.

Wata matsalar ta ɓoye a hitar gidan. Hita mai galan 40, wato lita 150, ba ta isa ta cika irin wannan baho ba. Rabin hanya ruwan zai huce. Mai aikin kirki tun ranar awo zai ce a canja ta. Wanda ba na kirki ba zai yi shiru don kada cinikin ya watse. Bayan mako guda 'ya'yan gidan su ga Baba na kukan sanyi, su je su ƙara wa hitar wuta har ƙarshe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yanzu a duƙa a leƙa ƙarƙashin bahon. Yana tsaye ne a kan ƙafafun ƙarfe masu noti, ana murɗa kowace har ya daidaita. Aiki ne na haƙuri, da ma'aunin magina a hannu, a duba tsawo a duba faɗi. In ƙafa ɗaya ta rage tana lilo, ba za a gane ba sai an cika ruwa an zauna: jikin bahon ya ɗan murɗe, ƙofa ta daina haɗuwa da robarta, sai ɗigo ya fara bin gefe yana taruwa a kan tayil, daidai inda jiƙaƙƙiyar ƙafar tsoho za ta sauka. Abin da aka kashe dubban daloli don guje masa, santsi, shi aka kawo bakin ƙofa. Ga kuma nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A haɗa lita 250 da bahon da mutumin, an doshi kilo 400 a ɗan wuri kaɗan. Yawancin gidajen Amurka daɓensu na katako ne, musamman a bene. Idan ba a duba ginshiƙan an ƙarfafa su ba, ko wani mahaɗin bututu na yoyo a bayan murfi inda ido ba ya kaiwa, katakon zai yi ta shan ruwa yana ruɓewa, warin danshi ne kawai zai tona asiri, shi ma bayan watanni.

Batun lantarki ba ya son dogon bayani. Baho mai inji ruwa ne da wuta a wuri guda. Ƙa'idar wayarin a Amurka ta wajabta a sa masa na'urar GFCI, mai yanke wuta nan take da zarar ta ji tana zurarewa; a Ingila takwararta RCD ake sawa. Wanda ya jawo waya daga soket ɗin da ya fi kusa ya jona, ya bar wayar ƙasa tana reto, bai cancanci a biya shi ba. Haka ƙarfen riƙo na jikin bango: dokar kare naƙasassu ta Amurka ta ce ya iya ɗaukar kilo 113. Wanda aka ɗaure a jikin allon bango kawai, ba a kama katakon ciki ba, ranar da aka fi bukatarsa ranar zai tumɓuke.

Me ya sa irin wannan aiki ke yawa? A ganina yadda ake cinikin ne. Shirin inshorar lafiyar tsofaffi na Medicare a bisa al'ada ba ya biyan kuɗin wannan baho, don haka daga aljihu ake fitarwa, kuma da kuɗin aiki yakan haura dala 10,000. Ɗan talla ya zo har falo, ya ce rangwamen na yau ne kawai, a sa hannu. Wanda zai zo kafawa kuwa sau da yawa wani ɗan kwangila ne daban, da ake biya gwargwadon yawan gidajen da ya gama. Dokar Amurka ta bai wa wanda aka yi wa ciniki a gidansa kwana uku ya janye, amma tsofaffi nawa ne ke karanta ƙananan rubutun? Abin da ya kamata shi ne wani daga cikin iyali ya tsaya a kan aikin. A nemi lasin mai famfo da na mai wayarin, a nemi izinin hukumar gine-gine. Kafin a biya ragowar kuɗi a cika bahon taf, a zagaye ƙofar da busasshen tsumma, a tsoma ma'aunin zafi, a danna maɓallin gwaji na na'urar yanke wuta, sannan a buɗe magudana a riƙe agogo.

Wanda ke zaune a ƙasar waje yana tunanin auno wa Baba ko Hajiya irin wannan baho zuwa Kano ko Maraɗi, ya ƙara lissafi. Injin da aka yi don Amurka wuta mai ƙarfin 120 yake sha, tamu 230 ce. Ruwan tankin sama ba shi da ƙarfin cika lita 250 da wuri. Idan bahon da inji yake zuƙe ruwa, aka ɗauke wuta Hajiya na ciki, sai ta jira. Da wannan kuɗin gara a gyara banɗakin da ake da shi: a fasa tudun bakin ƙofa, a sa tayil mai kaushi, a kafa ƙarfen riƙo cikin siminti, a ajiye kujera mai ƙarfi da ba ta zamewa, a sa fitila mai haske. A kuma juya ƙofar banɗakin ta riƙa buɗewa waje, a cire sakatar ciki, yadda ko tsoho ya faɗi a bayanta za a iya kai masa ɗauki.