Yadda Za Ka Tsare Ƙasa da Ruwa a Gonar Auduga

Ya kai manomin auduga, ka sani tun kafin ranar tsinka ka riga ka zuba dukiya a gona. Iri, da takin zamani, da maganin feshi, sau da yawa duk bashi ne, sai ranar awo a cire. In damina ta yi kyau, ka biya ka sami saura. In kuwa ruwa ya ɗauke auduga tana cikin fure, furen ya kakkaɓe, bashin yana nan yana jiranka. Hadari ba a hannunka yake ba. Amma ruwan da ya riga ya sauka a gonarka, kana iya hana shi gudu.

Auduga tana da nawa wajen tashi. Cikin makonnin farko ganyenta bai rufe ƙasa ba, a lokacin ne kuma ake ruwa mai iska da ƙarfi. Ruwan ya daki ƙasa, ta yi ɓawo, na baya ya kasa shiga, sai ya bi gangare. Dubi ruwan da ke fita daga gonarka. In ka gan shi ja, to, ƙasarka ce ke tafiya, tare da takin da ka ci bashinsa.

Saboda haka kada ka ja kunya ta bi gangare. Ka gitta ta, ta tare ruwa. Bayan huɗa, ka riƙa datse kwarin kunya da 'yar ƙasa, taki biyu ko uku tsakani, don ruwa ya tsaya wuri wuri ya nutse. Ka yi datsin ya gaza kunyar tsawo, domin in ruwa ya yi yawa ya tsallake ta kansa, kada ya fasa kunya. Amma ka lura, auduga ba ta son kwana cikin ruwa. In gonarka laka ce, watan Agusta kuma ya zo da marka, buɗe datsin ruwan ya wuce. Inda akwai duwatsu, jera su a gicciye, za ka ga ƙasa tana taruwa a bayansu kowace shekara.

Sai maganar kara. Karan dawa da na gero, in ka kwantar da su a gona, suna kare ƙasa daga rana da iska, gara kuma ta ci ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanya. Mun sani akwai dabbobi, akwai danni, akwai murhu, ba kowa zai iya barinsa duka ba. Bar abin da ya samu, musamman a wurin da ya fara zama faƙo. Itacen auduga kuwa dabam ne. Shi kam tuge shi da an gama tsinka, ka kawar, gama a cikinsa tsutsar auduga ke fakewa har shekara ta kewayo.

Kada ka maimaita auduga wuri ɗaya, kada kuma ka ba ta gona duka. Bana auduga, baɗi dawa ko gero, sa'an nan wake ko gyaɗa. Dawa za ta ci sauran takin da auduga ta bari. Akwai kuma wata riba da ba kowa ya sani ba: saiwar auduga tana sa ƙwayar ƙuduji, wato wutawuta, ta tsira, amma ba ta iya kama audugar, sai ta mutu. Ka ga ta rage wa dawar baɗi abokin gaba. In kuma farashin auduga ya faɗi, ga hatsi a rumbu.

Game da itatuwa, in kana sassabe ka ga ɗan gawo, kada ka sare. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma dabbobi su taru gindinsa cin 'ya'yansa su bar maka taki. A arewacin Kamaru, cikin shekarun 1990, har 'yan kuɗi aka riƙa ba manoman auduga a kan kowane ɗan gawo da suka raya. A Nijar kuwa, a kwarin Majiya wajen Buza, inda iska ke kwashe ƙasa tana binne shuka, daga 1975 aka fara dasa dogon yaro layi bibbiyu, wajen mita 100 tsakani, don karya ƙarfinta.

Ba lalle ka yi duk wannan cikin shekara ɗaya ba. Zaɓi gefen gonar da ruwa ya fi ci, ka fara da nan. Ka bar wani gefe yadda ka saba. In ruwa ya yi fashin kwana goma, ɗauki fartanya ka tona nan ka tona can, ka ga inda danshi ya fi kusa. Abin da ka gani ka gaya wa malamin gona in ya zo zagaye.