IELTS: Yadda jimla biyun farko ke hana wasu rabin makin da suke nema

Sau biyu ƙanwata, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin gwamnati a Kano, ta zauna jarrabawar Turanci ta IELTS. Duka biyun ta samu maki 7 ko sama da haka a saurare da karatu da magana, amma a rubutu sai ta tsaya cak a kan 6.

Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Birtaniya, wato NMC, tana neman aƙalla 6.5 a rubutu. Rabin maki kacal ya tsaya tsakaninta da abin da ta shekara biyu tana tara wa kuɗi.

Rabin makin nan kuwa ba ƙaramar tsada gare shi ba. Kuɗin zama jarrabawar sau ɗaya ya haura naira 200,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000.

Bayan fitowar sakamako na biyu ne ta kawo min littafin da take gwaji a ciki, ta ce: "Yaya, kai da rubutu ne sana'arka, duba min ka ga inda nake tuntuɓe."

Tun a shafin farko na ga matsalar. Turancinta ba shi da wani aibu na a zo a gani. Amma kowace maƙala sai ta yi layi bakwai ko takwas tana shimfiɗa kafin ta taɓa tambayar da aka yi mata.

Yadda jarrabawar take

An fara IELTS a shekarar 1989, kuma ƙungiyoyi uku ne ke da ita: British Council, da IDP ta Australiya, da sashen jarrabawar Turanci na Jami'ar Kambirij. Ana ba da maki daga 0 zuwa 9, har da rabi-rabi, kuma yawancin hukumomi ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu.

Sashen rubutu minti 60 ne, an raba shi gida biyu. Aikin farko kalma 150 ne aƙalla, ana son a gama shi cikin minti 20. Na biyu shi ne maƙala mai kalma 250 aƙalla, cikin minti 40, kuma nauyinsa wajen lissafin maki ya ninka na farkon.

Abubuwa huɗu mai dubawa ke aunawa a maƙalar, kowanne da kashi 25 cikin 100: yadda ka amsa tambayar, da yadda tunaninka ya jeru ya haɗu da juna, da wadatar kalmominka, sai kuma nahawu.

Babu wani maki da aka ware wa gabatarwa ita kaɗai. To amma a nan ne mai dubawa ke fara ganin ko ka fahimci tambayar, da kuma inda ka dosa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Al'adar shimfiɗa

Ba laifin ƙanwata ba ne ita kaɗai. Mu Hausawa ba a san mu da faɗa wa magana kai-tsaye ba. Wanda ya zo neman rance ma sai ya gaishe ka, ya tambayi iyali da gajiya da sanyi, kafin ya kai ga abin da ya kawo shi. A wurinmu ladabi ne, kuma wanda ya tsallake shi sai a ce ba shi da tarbiyya.

Makaranta ma ta ƙara ɗora mu a kan haka. Duk wanda ya yi jarrabawar WAEC ya san maƙalarta ta kalma 450, inda ake da filin gaishe da shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci idan muhawara aka ba ka. Malamai da dama sun koya mana cewa a fara da fassara ma'anar kalma, ko a buɗe da karin magana don a burge mai dubawa.

A IELTS wannan ɗabi'ar asara ce ta fuska biyu. Ta farko, lokaci: wanda ya kashe minti goma a gabatarwa ya ci rubu'in lokacinsa bai fara kawo hujja ko ɗaya ba. Ta biyu, fili: idan kalma 90 cikin 260 suka tafi a shimfiɗa, abin da ya rage bai isa a baje hujja biyu yadda ya kamata ba.

Ni kaina sai da na sha jan biro a hannun malaminmu na rubutun labarai a kwalejin kimiyya da fasaha kafin na rabu da wannan hali. Darasin farko da ake koya wa ɗan jarida shi ne, sakin layin farko ya gaya wa mai karatu abin da ya faru. Gabatarwar IELTS ta fi kama da wannan fiye da maƙalar sakandare.

Aiki biyu kawai

Gabatarwa mai kyau aiki biyu take yi. Na ɗaya, ta sake faɗar batun tambayar da kalmominka. Na biyu, ta bayyana matsayarka, tare da ɗan haska dalilan da za ka kawo. Jimla biyu ko uku, kalma 40 zuwa 50, sun wadatar.

Bari mu ɗauki misali. A ce tambayar ita ce: wasu na ganin ya kamata gwamnati ta ɗauke wa kowa kuɗin karatun jami'a, shin ka yarda ko ba ka yarda ba, kuma har zuwa ina?

Ga irin abin da ƙanwata kan rubuta, idan aka mayar da shi Hausa: "Ilimi gishirin zaman duniya ne. Tun fil azal ɗan Adam yake neman sani. A wannan zamani na ci gaba, batun ilimi ya zama abin muhawara a ko'ina. Wasu na da ra'ayi kaza, wasu kuma sun saɓa. A wannan rubutu zan duba ɓangarorin biyu."

Jimla biyar ke nan, amma babu jami'a a ciki, babu kuɗi, babu gwamnati, babu kuma ra'ayin marubuciyar. Za ka iya ɗora wannan gabatarwar a kan kowace tambaya da ta shafi ilimi ta zauna daram, kuma wannan shi ne babban aibunta.

Ga wadda muka gyara tare: "Akwai masu ganin cewa baitulmali ne ya kamata ya biya wa duk ɗaliban jami'a kuɗin karatu. A ganina gwamnati ta ɗauki nauyin waɗanda ba su da hali kawai, domin biya wa kowa zai rage kuɗin da makarantun firamare ke buƙata, sannan zai fi amfanar iyalan da dama can suna iya biya."

Jimla biyu. Ta farko ta nuna an fahimci tambayar. Ta biyu ta ba da amsa, ta kuma sanar da abin da sakin layi na biyu da na uku za su ƙunsa: ɗaya a kan firamare, ɗaya a kan wanda zai ci moriyar tsarin.

Kowace tambaya da irin amsarta

Kafin ka ɗora biro, karanta jimlar ƙarshe ta tambayar sau biyu, domin ita ce umarnin. Yawanci ba ta wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba:

- Idan an tambayi ko ka yarda, faɗi matsayarka ƙarara. Kana iya yarda da wani ɓangare kawai, amma ka fayyace wanne ne.
- Idan an ce ka tattauna ra'ayoyi biyu sannan ka ba da naka, ambaci duka biyun a gabatarwa, ka nuna wanda ka karkata gare shi.
- Idan an tambayi ko alfanun abu ya rinjayi illarsa, to hukunci ake nema. Jera alfanu da illa ba tare da ka ce wanne ya fi nauyi ba, rabin amsa ne.
- Idan musabbabi da mafita aka nema, taɓo kowanne a taƙaice.
- Idan tambayoyi biyu aka haɗa a wuri guda, kowacce ta samu amsarta tun daga farko.

Ma'aunin da masu dubawa ke amfani da shi ba sirri ba ne. Yana nan kyauta a shafin IELTS na intanet, an kuma sabunta shi a watan Mayun 2023. Abin da yake nema a matakin maki 7 shi ne matsaya bayyananniya wadda aka gina ta da hujja. Ba a wajabta cewa sai a gabatarwa za ka faɗe ta ba, amma wanda ya ɓoye ra'ayinsa sai ƙarshe yana caca da agogo. Idan lokaci ya ƙare kafin ya kai can, ya miƙa maƙala marar amsa.

Tarko uku

Na farko shi ne kwafe tambayar yadda take. Kalmomin da ka ɗauko kai-tsaye daga takardar tambaya ba sa nuna ƙwarewarka, don haka mai dubawa ba ya lissafa maka su.

Na biyu kishiyarsa ne: dagewa sai an sauya kowace kalma. Na ga inda ƙanwata ta mayar da "university" zuwa "school" don kada ta maimaita. Da wannan sauyin kaɗai ta bar tambayar jami'a ta koma ta makarantu gaba ɗaya. Kalmar da ba ta da takwara ta gaskiya, bar ta yadda take. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka juya ginin jimlar: wanda aka ambata a ƙarshe ka kawo shi farko, ko ka mayar da aikatau suna.

Na uku shi ne hadda. Akwai jimlolin da ke yawo a zaurukan WhatsApp da bidiyoyin YouTube, irin su "Since the dawn of time" da "Every coin has two sides", ana cewa a haddace su a liƙa a kowace maƙala. An horar da masu dubawa su gane haddar, kuma abin da ke tona asirinta shi ne bambancin da ke tsakanin jimlar aro mai ƙyalli da sauran rubutun mutum. Ma'aunin ma ya tanadi sifili ga amsar da aka tabbatar haddace ta aka yi gaba ɗaya.

Minti biyar kafin rubutu

Wani abin da na lura da shi shi ne, doguwar shimfiɗa ba ladabi ba ce kawai. Sau da yawa mafaka ce. Mutum bai san amsar da zai bayar ba, sai ya riƙa zagaye yana fatan tunanin zai zo masa a hanya.

Maganinsa shi ne a yi tunanin tukuna. Ware minti biyar na farko ka rubuta abu uku a gefe: matsayata, dalili na ɗaya da misalinsa, dalili na biyu da misalinsa. Idan waɗannan suka samu, gabatarwar ba za ta ci fiye da minti huɗu ba. Ka ba jikin maƙalar kimanin minti 25, sauran kuma na kammalawa da bitar kurakurai.

Ga mai zama jarrabawar a kwamfuta, allon na nuna adadin kalmomin da ka rubuta, kuma za ka iya komawa sama ka gyara gabatarwar idan hujjarka ta ɗan sauya hanya. Mai rubutu a takarda kuwa ya kamata ya san yawan kalmomin da yake sakawa a layi ɗaya tun daga gida.

Wannan duka bai tsaya ga ma'aikatan jinya ba. Likitan da ke neman rajista da hukumar GMC ta Birtaniya yana buƙatar jimillar 7.5, kuma kada ya gaza 7 a kowane sashe. Mai neman ƙaura zuwa Kanada a matsayin ƙwararren ma'aikaci yana buƙatar aƙalla 6 a kowane sashe na nau'in jarrabawar da ake kira General Training. Dukkansu sai sun rubuta maƙalar nan ta minti 40.

Gwajin da muka yi

Wata guda muka ɗauka. Kowane dare bayan sallar isha'i, ko da tana aikin dare, sai in tura mata tambaya ɗaya ta waya. Sharaɗin shi ne ta dawo min da gabatarwa kawai cikin minti tara, biyar na tsari, huɗu na rubutu. Cikakkiyar maƙala sau biyu take yi a mako.

Ni kuma tambaya ɗaya nake yi wa kowace gabatarwa: idan na rufe tambayar na karanta wannan kaɗai, zan iya gane abin da aka tambaya da kuma amsar da aka bayar? Idan ban iya ba, sai ta sake.

A makon farko ta riƙa ƙorafin cewa rubutun ya yi mata tsirara, kamar ta shiga gidan mutane babu sallama. Zuwa mako na uku ta daina faɗar haka, domin ta ga hujjojinta sun fara samun fili, misalanta sun daina zuwa a guntule.

Ta zauna karo na uku, ta samu 6.5 a rubutu. Ba zan ce gabatarwa ce kaɗai ta kawo shi ba, don ta yi aiki sosai a kan nahawu, musamman inda ake saka "a" da "the", waɗanda ke ba Bahaushe wahala. Amma da na tambaye ta abin da ya bambanta wannan zaman da na baya, ba ta yi dogon tunani ba.

Ta ce: "Yaya, wannan karon da na ɗaga kai na duba agogo, minti goma ne suka wuce, kuma na riga na san abin da zan rubuta har ƙarshe."

Littafin gwajin yanzu yana hannun wata abokiyar aikinta, wadda ita ma 6 ta samu a zamanta na farko.