Giwan ruwa: ɗan gida a kogin Isa, annoba a tabkin Biktoriya

Kifin nan da masu otel na Yamai ke kira kafiten, Bahaushe kuma ya sani da giwan ruwa, ɗan asali ne a kogin Isa da tabkin Cadi. Tun fil azal yake zaune da karfasa da tarwaɗa, sun san halinsa, yana ci, suna hayayyafa.

A tabkin Biktoriya, wanda Uganda da Kenya da Tanzaniya ke tarayya a kansa, baƙo ne. Cikin shekarun 1950, zamanin mulkin Ingila, aka ɗebo shi daga tabkin Albat aka zuba, don a ganin ma'aikatan mulkin mallaka ƙananan kifayen tabkin ba su da daraja a kasuwa. Ya yi shekara fiye da 20 ba a jin ɗuriyarsa sosai. Da shigowar shekarun 1980 sai ya mamaye ruwan, ga shi dabba ce mai iya kai kilo 200. Tabkin na da wajen iri 500 na ƙananan kifaye dangin karfasa, mafi yawansu babu su ko'ina a duniya sai nan. Masana sun ƙiyasta kimanin iri 200 sun ɓace. Gurɓatar ruwa da yawan su na da nasu laifi, amma babban rabo na baƙon ne.

Kuɗi kam sun shigo. An kafa masana'antu a Mwanza da Kisumu da Jinja, ana yanke tsoka ana lodawa a jirgin sama zuwa Turai. Sai dai a duba wanda ya biya. Ƙananan kifayen da, mata na shanya su a rana kyauta. Giwan ruwa kitse gare shi, ba ya shanyuwa, sai banda, banda kuwa sai itace: dazuzzukan bakin tabki suka sha gatari. Mai ƙaramin kwalekwale ya kasa sayen taru mai ƙarfi, talaka ya koma sayen kai da ƙashin da masana'anta ta rage. Wannan ne Hubert Sauper ya nuna a fim ɗinsa na 2004, wanda ya fusata hukumomin Tanzaniya.

Daga shekarun 1990, da su ya yi wa giwan ruwa yawa, wasu irin da aka fid da rai da su sun sake bayyana. Yanzu har jakar iskar da ke cikinsa ake busarwa a kai Sin, kilonta ya fi na tsokar tsada nesa ba kusa ba.