Sarrafa Tagogin Kwamfuta: Sirrin Saurin Aiki

Kowace manhaja da aka buɗe a kwamfutar tebur tana bayyana ne a cikin wani fili mai kusurwa huɗu da ake kira taga. Word na da tata, Excel na da tata, haka ma Chrome. Wannan tsari ya samo asali ne daga cibiyar binciken kamfanin Xerox a Amurka, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973. Apple ya fitar da Macintosh a 1984, Microsoft ya biyo baya da Windows a 1985. A Windows na farko tagogi jere suke gefe da gefe. Sai a 1987 suka fara hawa kan juna kamar takardu a kan tebur.

A Windows, a saman kowace taga, daga dama, akwai alamomi uku. Ta farko tana sauke tagar zuwa sandar da ke ƙasan allo, aikin kuma yana nan bai ɓata ba. Ta tsakiya tana sa ta cika allo ko ta rage girma. Ta ukun, mai siffar X, rufewa take yi ɗungurum, don haka ake danna Ctrl da S a adana aiki kafin a taɓa ta.

Hanya mafi sauri ta tsallakawa daga taga zuwa taga ita ce Alt da Tab. Babban yatsan hagu ya danne Alt, wani yatsan ya riƙa taɓa Tab, hotunan tagogin su bayyana a jere; inda aka saki Alt, nan aka sauka. Madannin Windows da D yana kawar da duka tagogi daga allo, a sake dannawa su dawo.

Wani lokaci ana buƙatar ganin abu biyu a tare. Mai shagon kwamfuta a Maƙarfi da ke buga wa ɗalibar kwalejin kiwon lafiya aikinta na kammala karatu, ko sakataren ƙungiyar manoman tumatir a Ikara ko Hunkuyi da ke kwafar sunayen mambobi daga Excel zuwa wani fom a intanet, duk suna cin moriyar raba allo. Tun daga Windows 7 na 2009, danna madannin Windows da kibiyar hagu yana manna taga a rabin allo na hagu, kibiyar dama kuma ta kai ɗayar dama. Ido yana kan lambar waya a wannan ɓangare, hannu yana shigar da ita a wancan, kuskure ya ragu.

Windows 10 na 2015 ya ƙaro damar buɗe tebur fiye da ɗaya, wato fuskar allo daban-daban kowacce da tagoginta, ta hanyar Windows da Tab, ta yadda takardun wani kwastoma ba za su cakuɗa da na wani ba.

Sai dai tagar da aka sauke tana ci gaba da riƙe wurinta a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan tagogi suka yi yawa, tsohuwar na'ura sai ta yi nauyi, alhali janareta na shan mai, mutane na jira a benci. Ƙa'idar ita ce a adana aiki akai-akai saboda ɗaukewar wuta, a rufe abin da aka gama da shi. Ya kamata masu koyar da kwamfuta su fara da waɗannan madannai tun makon farko, domin da su ake gane gwani.